Wa Ya Buɗe Wa 'Yan Kyuba Biyar Ƙofar Kurkukun Amurka?

Ranar 23 ga Yunin 2001, a unguwar Cotorro da ke gefen Habana, babban birnin Kyuba, shugaba Fidel Castro ya daɗe tsaye cikin rana yana jawabi har jiri ya ɗebe shi, sai da aka riƙe shi. A wannan rana ce ya yi wa jama'arsa wani alkawari da mutane da yawa suka ɗauka cika baki ne. Ya ce 'yan Kyuba biyar ɗin nan da wata kotu a Mayami ta Amurka ta samu da laifukan da suka shafi leƙen asiri makonni biyu da suka gabata, za su dawo gida. Wata shida bayan haka aka yanke musu hukunci. Gerardo Hernández ya sha ɗaurin rai da rai har sau biyu. Ramón Labañino rai da rai da ƙarin shekara 18, Antonio Guerrero rai da rai da ƙarin shekara 10, Fernando González shekara 19, René González kuma shekara 15. A tsarin kotunan tarayyar Amurka, wanda aka yi wa rai da rai gawarsa ce ke fita daga gidan yari, sai fa in shugaban ƙasa ya sa baki.

Amma sun dawo, su duka. René ya koma a 2013, Fernando a Fabrairun 2014, sauran ukun kuma ranar 17 ga Disambar 2014, ranar da Barack Obama da Raúl Castro, ƙanin Fidel da ya gaje shi, suka fito a talabijin a lokaci guda, kowa daga babban birninsa, suka ce za su maido da hulɗar jakadancin da ta tsinke tun 1961. Tun daga ranar ake ja-in-ja kan wanda ya kamata a yaba wa. 'Yan gangamin da suka shafe shekara goma sha uku suna tsayuwa da kwalaye a ƙofar ofisoshin jakadancin Amurka suna cewa muryar duniya ce ta karya ƙofar. Masu sukarsu kuma suna cewa musayar fursunoni ce kawai aka yi, da gangami da babu gangami haka za ta kasance. Nawa ganin shi ne makullin yana aljihun Obama, kuma ba kwalaye ne suka sa ya ciro shi ba. Abin da gangamin ya yi wani abu ne dabam: ya hana a binne mutanen nan da ransu, ya kuma sa sun yi tsadar da babu wani ciniki tsakanin Habana da Washinton da zai faɗa ba tare da su a ciki ba.

Sai an koma shekarun 1990 kafin a gane abin da ya kai su jihar Florida. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, Kyuba ta rasa mai sayen sukarinta da daraja, ta rasa mai ba ta man fetur da rahusa. Wuta ta riƙa ɗaukewa na sa'o'i, abinci ya yi wuya, ma'aikata suka koma hawan keke. Gwamnati ta rungumi harkar masu yawon buɗe ido don ta samu kuɗin waje. Masu zafin kai a cikin 'yan gudun hijirar Kyuba da ke Mayami suka gane cewa ga jijiyar da za a yanke. A 1997 bama-bamai suka yi ta tashi a otal-otal ɗin Habana, kuma wanda ya tashi a otal ɗin Copacabana ranar 4 ga Satumba ya kashe wani matashi ɗan Italiya, Fabio Di Celmo. Da shekara ta zagayo, Luis Posada Carriles, wanda ya taɓa yi wa hukumar CIA aiki, ya gaya wa jaridar New York Times cewa shi ya kitsa hare-haren, ko da yake daga baya ya janye maganar. Shi ne kuma Kyuba da Benezuwela suka zarga da hannu a tarwatsa jirgin fasinja na kamfanin Cubana kusa da Barbados ranar 6 ga Oktoban 1976, inda mutum 73 suka hallaka. Shari'ar da aka yi masa a garin El Paso a 2011 ta yi wa jami'an shige da fice ƙarya ce, ba ta kisa ba, kuma aka wanke shi. Ya mutu a Florida a 2018 ba a tsare ba.

Cikin wannan yanayi Habana ta shimfiɗa gungun 'yan leƙen asirin da ake kira La Red Avispa, wato gungun rina. René matuƙin jirgi ne, haifaffen Shikago. A Disambar 1990 ya ɗauki wani ƙaramin jirgi ya sauka da shi a Florida kamar wanda ya gudu daga mulkin Castro, ya bar matarsa da 'yarsa ana yi musu kallon iyalin maci amana. Gerardo da Ramón da Fernando da sunayen ƙarya suka zauna. Antonio, wanda aka haifa a Mayami, ya samu aikin gyare-gyare a sansanin jiragen sojan ruwa na Boca Chica. A nan ya kamata a faɗi abin da kwalayen gangamin ba su cika faɗa ba. Ba ƙungiyoyin 'yan gudun hijira kaɗai aka ce su sa wa ido ba. An nemi su riƙa kawo rahoton kai-komon jiragen yaƙi, an kuma nemi gungun ya kutsa cikin rundunar sojan Amurka mai kula da kudancin nahiyar, wadda ta ƙaura zuwa Mayami a 1997. Ƙasar da ke zaune cikin fargabar mamaya tun 1961 tana da dalilinta na son sanin haka, amma leƙen asiri sunansa leƙen asiri. Gefe guda kuma, ko takardar sirri ɗaya ba a samu a hannunsu ba. Shi ya sa ba a tuhume su da satar asirin ƙasa ba, aka tuhumi uku daga cikinsu da haɗa baki da niyyar yin hakan.

A Mayun 1998 marubuci Gabriel García Márquez ya kai saƙon Fidel fadar shugaba Clinton kan barazanar sababbin hare-hare. A Yuni jami'an FBI suka je Habana, aka damƙa musu tarin bayanai kan masu dasa bam. Ranar 12 ga Satumba aka yi kame a Mayami, amma ba masu bam aka kama ba, 'yan gungun rina goma aka kwashe. FBI ta daɗe tana bibiyarsu tun kafin wannan ziyara, don haka ba daidai ba ne a ce bayanan Habana ne kaɗai suka tona su. Duk da haka, ga mutumin Kyuba abin da ya gani shi ne ya kai ƙarar ɓarawo an kama mai gadi. Biyar daga cikin goman suka amsa laifi, suka ba gwamnati haɗin kai, aka yi musu sassauci. Biyar suka ƙi. Aka sa su a ɗakin kaɗaici na wata 17 kafin a fara shari'a.

Shari'ar ce ƙashin bayan duk abin da ya biyo baya, kuma a nan ne nake ganin an yi zalunci a fili. A Amurka mutum goma sha biyu 'yan gari ake zaɓa su saurari shaidu su ce an yi laifi ko ba a yi ba. To ka duba garin. An fara zama a Nuwamban 2000, watanni kaɗan bayan rikicin yaron nan Elián González, wanda jami'an tarayya suka ƙwato da bindiga daga gidan danginsa a Mayami a watan Afrilu don a mayar wa mahaifinsa a Kyuba, gari ya hargitse. Lauyoyin waɗanda ake tuhuma ba su ce a kai shari'ar wata duniya ba. Fort Lauderdale suka roƙa, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba. Mai shari'a Joan Lenard ta ƙi. Gaskiya ne babu ɗan asalin Kyuba ko ɗaya cikin sha biyun da aka zaɓa, kuma masu kare hukuncin suna yawan kafa hujja da wannan. Amma waɗannan mutane a garin suke kwana, a nan suke aiki, 'ya'yansu a nan suke makaranta, kuma har sun yi kukan cewa masu ɗaukar hoton talabijin suna bin su zuwa inda suka ajiye motocinsu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a 2002, shekara guda bayan hukuncin, ofishin lauyoyin gwamnatin nan da ya dage cewa za a iya adalci a Mayami, shi ne ya roƙi kotu a wata shari'ar dabam mai alaƙa da rikicin Elián da a ɗauke ta daga Mayami, wai zukata sun yi zafi, gwamnati ba za ta samu adalci ba. Daga baya kuma, a 2006, jaridar Miami Herald ta bankaɗo cewa wasu 'yan jaridar garin suna karɓar kuɗi daga ofishin gwamnati mai gudanar da Rediyo da Talabijin Martí, kafofin da aka kafa don yi wa Kyuba farfaganda.

Tuhumar da ta fi nauyi ita ce ta Gerardo. Ranar 24 ga Fabrairun 1996 jiragen yaƙin Kyuba suka harbo ƙananan jirage biyu na ƙungiyar Hermanos al Rescate, wato 'yan'uwa masu ceto. Ƙungiyar ta fara ne da neman masu tsallaka teku a kan kwale-kwale, daga baya shugabanta José Basulto ya koma ratsa sararin samaniyar Kyuba, har yana watsa takardu a kan Habana, Kyuba kuma ta sha gargaɗi. Hukumar kula da jiragen sama ta duniya ta ce a sararin ƙasa da ƙasa aka harbo su, Kyuba ta ce a nata ne. Hujjar masu gabatar da ƙara ita ce saƙon da Habana ta aiko wa Gerardo cewa kada 'yan gungunsa su hau jiragen ƙungiyar a waɗannan kwanaki. Amma sanin cewa za a ɗauki mataki daban, yarda da a kashe mutane a wajen iyakar ƙasa daban. Su kansu masu gabatar da ƙarar, gab da kammala shari'a, sun garzaya kotun ɗaukaka ƙara suna kukan cewa in dai sai sun tabbatar da wannan na biyun, to an gina musu katangar da ba za su iya tsallakewa ba. Aka yi watsi da kukansu, amma duk da haka sha biyun suka ce Gerardo ya yi laifi.

Har zuwa Yunin 2001 Habana ba ta fito fili ta yi fafutuka a kansu ba. Daga ranar da ta buɗe baki kuwa, ba ta sake rufewa ba. A ƙarshen shekarar majalisar ƙasar ta ba su laƙabin gwarzayen jamhuriya. Hotunansu suka hau bangon makarantu da asibitoci da filin jirgi. Duk ɗan makarantar firamare ya haddace sunaye biyar ɗin. A waje kuma, cibiyar ICAP, wadda aka kafa tun 1960 don ƙulla zumunci da al'ummomin duniya, da ofisoshin jakadancin Kyuba, suka zama dillalan maganar. Kwamitoci suka tsiro a ƙasashe da dama, aka ware ranar 5 ga kowane wata don tunawa da su, aka riƙa taron shekara-shekara a garin Holguín. Wanda ya ce gangamin nan daga ƙasa ya tsiro da kansa kamar ciyawar damina bai faɗi gaskiya ba. Gwamnati ce ta shuka shi, ita ta yi masa ban-ruwa.

Sai dai wanda ya ce farfagandar Castro ce zalla shi ma ya kauce. A Mayun 2005 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai duba tsare mutane ba bisa ƙa'ida ba ya ce tsarewar tasu ba ta kan ƙa'ida. A 2010 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoton da ya nuna shakku kan adalcin shari'ar. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya ce a sake su lokacin da ya je Habana a Maris ɗin 2011. Kanar Lawrence Wilkerson, wanda ya shugabanci ma'aikatan ofishin Colin Powell lokacin da yake sakataren harkokin wajen Amurka, ya fito ya goyi bayansu. Waɗannan ba 'yan amshin shatar kowa ba ne. Kuma da lauyoyi suka kai maganar kotun ƙoli a 2009, mutum goma masu lambar Nobel suka sa hannu a takardar goyon baya, ciki har da Wole Soyinka da Nadine Gordimer ta Afirka ta Kudu.

Afirka tana da nata dalilin da ya wuce batun shari'a. Uku daga cikin biyar ɗin, René da Fernando da Gerardo, sun yi aikin soja a Angola, a yaƙin da dubban sojojin Kyuba suka tari rundunar gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Wannan yaƙi ba baƙo ba ne ga ɗan Najeriya mai bin tarihi, domin gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta amince da gwamnatin MPLA, ƙungiyar da Kyuba ke mara wa baya a Angola, a ƙarshen 1975, kuma a kan maganar Angola ne ya yi jawabinsa na Addis Ababa a Janairun 1976, wanda ya ƙi bin umarnin Washinton. Ɓangaren da Murtala ya tsaya wa, shi waɗannan samari suka je suka riƙe wa bindiga. Shi ya sa a Afirka ta Kudu da Namibiya ba a ɗauke su a matsayin 'yan leƙen asirin wata ƙasa mai nisa ba, bashi ake ganin ana bin mutane. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Fada Michael Lapsley, limamin cocin Angilikan da 'yan wariyar launin fata suka aika wa bam a cikin wasiƙa a Harare a 1990, ya rasa hannuwansa biyu da ido ɗaya. Wannan mutum, da ƙugiyoyin ƙarfe a madadin hannu, ya yi ta tsallaka teku yana zuwa kurkukun Kaliforniya don ya zauna da Gerardo. Wanda bam ya yi wa haka ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan dalilin da zai sa ƙasa ta tura mutum ya gano mai dasa bam. Bayan an sake su, a tsakiyar 2015, su biyar ɗin sun zagaya Afirka ta Kudu da Namibiya da Angola don godiya.

To amma me duk wannan ya haifar a kotu? Kaɗan ne. Ranar 9 ga Agustan 2005 alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara da ke Atlanta suka soke hukuncin baki ɗaya, suka ce ba a yi adalci a Mayami ba, a sake shari'a. Murna ta koma ciki bayan shekara guda, da cikakken zaman kotun ya rushe wannan mataki da ƙuri'a 10 da 2. A 2008 aka tabbatar da laifukan, sai dai aka ce an tsananta wa uku a wajen ɗauri, kuma mai shari'a Phyllis Kravitch ta rubuta cewa ba a kawo hujjar da ta isa a kama Gerardo da haɗa baki wajen kisa ba, amma ita kaɗai ce a kan wannan ra'ayi. A Yunin 2009 kotun ƙoli ta ƙi ma sauraren ƙarar. Aka rage wa Antonio zuwa shekara 21 da wata 10, Ramón shekara 30, Fernando shekara 17 da wata 9. A zaman rage wa Antonio, ɓangaren gwamnati ya amince cewa hayaniyar da shari'ar ta tayar a duniya na cikin abin da ya sa ya yarda da sassauci. Wannan shi ne wuri guda da sawun gangamin ya fito ƙarara a cikin ɗakin kotu. Gerardo kam ya zauna da rai da rai biyunsa.

A cikin kurkuku tasirin ya fi bayyana, ko da yake ba irin wanda ake bugawa a kanun labarai ba ne. A farkon 2003 an sake jefa su duka a ɗakin kaɗaici ba tare da wani laifi sabo ba, ƙorafi ya yi ta kwarara daga ƙasashe, bayan wajen wata guda aka fito da su. Fursunan da wasiƙu ke zuwa masa daga nahiyoyi biyar, wanda 'yan majalisa da limamai ke neman izinin ganinsa, gandiroba sai ya yi tunani sau biyu kafin ya taɓa shi. Antonio ya riƙa rubuta waƙoƙi yana zane, Gerardo yana zanen barkwanci, ana baje kolinsu a waje. Wanda bai taɓa jiran wani nasa a bayan kanta ba, shi ne zai iya raina wannan.

Inda gangamin ya gaza kuwa shi ne a cikin Amurka kanta. A Maris ɗin 2004 sai da magoya baya suka yi karo-karo suka sayi shafi guda a New York Times, don manyan kafofin labarai ba su ɗaukar labarin. Akasarin Amurkawa har aka gama ba su san da wasu biyar ba. Ɗan siyasar da ke neman ƙuri'ar Florida kuma ba shi da ribar da zai ci in ya taɓo maganar. Saboda haka matsin bai bi ta titunan Amurka ba, ya zagaya ta fadojin shugabannin Latin Amurka. A taron ƙolin ƙasashen nahiyar da aka yi a Cartagena a 2012, shugabanni suka nuna wa Obama cewa ba za su sake zama babu Kyuba ba. José Mujica, shugaban Uruguwai a lokacin, wanda shi ma ya yi shekaru fiye da goma a kurkuku, ya yi ta tayar da maganar fursunonin, har lokacin da ya karɓi mutum shida daga Guantánamo a Disambar 2014.

Akwai shirun da ba zan iya tsallakewa ba. Mutum huɗu ne suka mutu a jiragen nan biyu: Armando Alejandre, Carlos Costa, Mario de la Peña da Pablo Morales. Jiragen ba su ɗauke da makami. Ko da an yarda Basulto ya yi ta tsokana, kuma ya yi, harba makami mai linzami kan ƙaramin jirgin farar hula kisa ne da ba shi da uzuri. Ana iya cewa ba a tabbatar da hannun Gerardo ba, kuma haka nake gani, ba tare da an share waɗannan sunaye huɗu ba. Galibin takardun gangamin sun share su. Haka nan a Maris ɗin 2003, daidai lokacin da ake kukan an sa biyar a ɗakin kaɗaici, gwamnatin Kyuba ta kama 'yan adawa da 'yan jarida 75, aka yi musu shari'ar gaggawa, wasu suka sha ɗaurin da ya kai shekara 28. Matansu da iyayensu mata suka riƙa fita cikin fararen kaya kowace Lahadi, ana tsangwamarsu. A Fabrairun 2010 wani fursuna, Orlando Zapata Tamayo, ya mutu bayan yajin cin abinci na fiye da kwana 80. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Amnesty ta yi magana a kan ɓangarorin biyu, shi ya sa maganarta ta yi nauyi. Da yawa daga kwamitocin zumunci ba su yi ba, kuma wannan ya rage musu ƙima a idon mutanen da ya kamata su jawo. Matar da ke jiran mijinta a ƙofar kurkukun Kyuba da wadda ke jiran nata daga kurkukun Kaliforniya, kuka ɗaya suke yi.

Abin da ya motsa Washinton a ƙarshe Ba'amurke ne. A Disambar 2009 Kyuba ta kama Alan Gross, ɗan kwangila a wani shiri na hukumar USAID, wanda ke shigo da na'urorin haɗa intanet ta tauraron ɗan'adam, aka ɗaure shi shekara 15 a 2011. Gwamnatin Obama ta yi shekaru tana cewa ba za a haɗa maganarsa da ta 'yan leƙen asiri ba, a sake shi kawai. Habana ta ƙi. A nan ne amfanin gangamin ya fito ta inda ba a zata ba, domin ya ɗaure hannun gwamnatin Kyuba ita kanta. Gwamnatin da ta shekara goma tana sa yara rera sunaye biyar, wadda Fidel ya yi alkawari da bakinsa, ba ta da fuskar da za ta karɓi sassaucin takunkumi ko buɗe ofishin jakadanci ta bar Gerardo a baya. Su ma Amurkawan da suka zauna tattaunawar sirri a Kanada tun Yunin 2013, Ben Rhodes da Ricardo Zúñiga, sun gane cewa wannan ba taya ba ce da za a rage, farashin kenan. Ga Gross kuma lafiyarsa na taɓarɓarewa, ya yi yajin cin abinci a Afrilun 2014, mahaifiyarsa ta rasu a Yuni bai gan ta ba. In ya mutu a tsare, duk shirin ya wargaje. Fafaroma Francis ya rubuta wa shugabannin biyu, aka ƙarasa daidaitawa a Batikan a watan Oktoba. Don kada a ce an yi musayar ɗan kwangila da 'yan leƙen asiri, sai aka ce Gross an sake shi ne don jinƙai, su ukun kuma an musanya su da wani jami'in Kyuba da ya yi wa Amurka leƙen asiri, Rolando Sarraff Trujillo, wanda ya kusa shekara 20 a tsare. Kyuba ta kuma saki fursunoni 53 da Amurka ta miƙa sunayensu.

Mai son ya auna nauyin gangami ya dubi Ana Belén Montes, jami'ar leƙen asirin ma'aikatar tsaron Amurka da aka kama a Satumban 2001 tana yi wa Kyuba aiki. Lamarinta ya bambanta, don ita Ba'amurkiya ce, ta miƙa asirai na gaske, ta kuma amsa laifinta. Amma hidimar da ta yi wa Habana ta fi ta su biyar ɗin nesa ba kusa ba. Ba a manna hotonta a bangon makarantu ba, sunanta bai shiga cinikin 2014 ba, ta zauna har Janairun 2023.

Matakin farko na amincewa tsakanin ɓangarorin biyu ma daga wata fuskar da gangamin ya sanar wa duniya ya fito. Shekara da shekaru Amurka tana hana matar René, Olga Salanueva, da matar Gerardo, Adriana Pérez, bizar zuwa ganin mazajensu. A 2002 an ba Adriana biza, ta sauka a Houston, aka tsare ta sa'o'i goma sha ɗaya a filin jirgi aka mayar da ita. Matan nan biyu suka zagaya majalisu da tarurruka a ƙasashe da dama suna faɗin abu ɗaya, har ya zama ko wanda bai damu da siyasar Kyuba ba ya san akwai matar da aka hana ganin mijinta fiye da shekara goma. A farkon 2013 Sanata Patrick Leahy na jihar Vermont, wanda ke fafutukar ganin an saki Gross, ya je Habana tare da matarsa. Adriana ta same su. Ba sakin mijinta ta roƙa ba a wannan zama. Ta ce shekarunta sun haura arba'in, lokacin haihuwa na neman wuce ta, kuma ba su da ɗa ko ɗaya. Ofishin Leahy ya bi maganar har hukumomin Amurka suka yarda a ɗauki irin mijin daga kurkuku, likitoci suka yi mata dashe a Panama, Kyuba kuma ta kyautata yanayin da ake tsare da Gross. Da Gerardo ya sauka a Habana ranar 17 ga Disamba, mutanen da suka ga hotunan tarbar suka yi ta mamakin ganin matarsa da tsohon ciki, don ba a bayyana abin da aka yi ba. Ta haifi 'ya mace ranar 6 ga Janairun 2015, kwana ashirin da dawowarsa.